Ƙarfe Ba Ya Karɓar Ɗori

Mu mutanen Aliero akwai abin da muka yarda da shi fiye da kima, shi ne ɗori. Ba laifinmu ba ne. Mun tashi muna ganin ana sauko da mutum daga mota a kan tabarma, ƙafa tana reto kamar ba tasa ba, bayan 'yan watanni mu gan shi a kasuwa a tsaye yana taya rago. Daga nesa ake zuwa garinmu neman masu ɗori. Wanda ya girma da wannan a idonsa, ta yaya za ka gaya masa akwai karayar da ba ta haɗuwa? Har cewa muke yi wurin da aka ɗora ya fi sauran ƙashin ƙarfi, kuma a gidanmu muna da shaida, domin mahaifinmu ya taɓa faɗowa daga kan raƙumi yana saurayi, aka ɗora masa ƙafar hagu, ya yi noma da ita har tsufa. Wannan maganar muka ɗauka muka kai gareji muka shafa wa ƙarfe, kuma saura ƙiris ta cinye mana irin albasar gidanmu.

Irin nan Baba ne ya yi shi da hannunsa. Duk shekara idan an cire albasa yakan shimfiɗa buhu ya zauna, ya ware waɗanda za su zama uwaye. Ba ya ɗaukar wadda ta fi girma. Yana neman wadda wuyanta ya tsuke, ɓawonta ya yi ja ya kama jiki, wadda in ka ɗaga za ka ji ta fi girmanta nauyi. Su ake jerawa a rudu, wato rumfar kara mai ƙafafu da iska ke ratsawa, su ƙetare damina. Da kaka a mayar da su ƙasa, su yi fure, su ba da iri. Haka ya yi ta yi tun kafin a haife mu, har albasarmu ta yi suna wajen jure ajiya. Ko da idonsa ya tafi bai bar wa kowa zaɓin ba, ya ce dama can ba da ido yake yi ba.

A shekarar da nake ba da labari, irin da muka girbe da rani ya lalace. Ruwan bazara ne ya faɗo ba sallama a kan shanya, ya jiƙa shi, ya yi fumfuna. Don haka duk abin da ya rage na wahalar Baba a duniya shi ne uwayen da ke cikin rudu. Rudun kuwa yana kan wani ɗan tudu a bakin fadamarmu ta wajen Sabiyal, saboda Baba ya ce gida ya cika katanga da awaki, iska ba ta wucewa. Tun da yake bai taɓa ganin ruwa ya hau tudun ba. Daminar nan sai ga shi yana hawa.

Ni a lokacin ina zaune a Jega Firchin, ina jigilar kayan gona da wata tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu, ina shiga ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Motar ta Yayana ce a da. Da ya koma noma ya bar mini ita, amma a bakinsa kawai ya bar ta, a zuciyarsa har gobe tasa ce. Shi ya kira ni a waya ya ce ruwa ya zagaye tudun ta gabas, in zo mu kwashe uwayen. Jakuna sun ƙare a garin, babura sun kore su, babur kuma ba ya ƙetare laka da kaya. Shanun huɗa suna gonaki, ba mai ba ka nasa a tsakiyar aiki. Mota ce kawai za ta yi, kuma sawu ɗaya, domin mashigin da ake bi kullum ƙara cika yake.

Da sassafe na ɗauke shi muka kama hanya. Kafin a kai mashigin akwai wata laka mai santsi, a ƙarƙashinta kuma marmara. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza a cikin lakar, can sai suka ci karo da dutsen suka kama gaba ɗaya. Na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata, sannan wani abu ya shiga dukan cikin motar. Na kashe inji. Ban ma leƙa ba na san ko mene ne.

Ga wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba: akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ake kira furofela, ita ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa tayoyin baya. A inda ta haɗu da aksul ɗin baya, wato gatarin da tayoyin ke maƙale a kansa, akwai wani ƙarfe mai kunne biyu kamar gwafa, shi ne yok. Tsakanin kunnuwan nan ake zaunar da kuros, ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da ke barin sandar ta lanƙwasa tana juyawa. Duk ƙarfin da mota ke da shi ta kunnuwan nan biyu yake bi. Na shiga cikin lakar na ciro abin. Kunne ɗaya ya ɓalle, daidai gefen tsohuwar walda. Ba karonsa na farko ba ke nan, jikinsa duk tabo ne.

Yaya ya karɓa ya juya shi, ko a jikinsa.

"Ba komi," ya ce. "Mu koma gari a ɗora shi, kahin la'asar mun dawo."

Na ce, "Yaya, ba a ƙara ɗora ƙarhen ga."

"Don mi?"

"Ba kaya ba komi yak karye. In mun ɗauko albasa hwa? Tsakiyar ruwa za shi sake mu, kuma ka san uwar da tat taɓa ruwa ta gama."

"Auta, wurin da anka ɗora ya hi ƙarhi. Dubi ƙahwar Baba."

"Ƙahwar Baba rai gare ta. Wanga mi za shi ci shi warke?"

Ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun ina tsere masa daga aikin ban-ruwa. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni ina neman ƙarfe, ruwa yana neman albasa, mu ga wanda zai riga samu. Maganarsa gaskiya ce, kuma ta shige ni. Amma a gidanmu an san ni, idan na kafe ko jaki sai ya sara mini. Na kwance furofelar na jefa a baya, na ja motar da tayoyin gaba kaɗai muka fito da baya. Da ya ga tana tafiya sai ya ce to mu je a haka mana. Na ce in aka yi lodi nauyi zai koma baya, gaban ya yi sakayau, tayoyin da muke taƙama da su su riƙa shafar laka kawai. Na sauke shi a gida bai ce mini sai an jima ba.

A Jega na wuce garejin taubashina, ɗan kawuna, wanda ba ma haɗuwa mu rabu ba mu zagi juna ba. Ya ga motar tana shigowa tana jan jiki ya fashe da dariya.

"An kawo majinyaci? Ku Alierawa, da mota na da bakin magana da ta kai ku ƙara."

Na ajiye masa yok ɗin na ce wanda ya fi wannan ƙarfi nake so, kuma yau. Dariyar ta tsaya. Ya goge hannu ya ce in zauna ya gaya mini abin da ban sani ba.

"Wanga shi na mai gadi," in ji shi. "In abu ya yi yawa, shi ka mutuwa shi bar aksul da rai. Ka sa wanda yah hi ƙarhin gidan, ƙarhi ya nemi wata ƙohwa, haƙoran cikin aksul su zube. Sannan ka san ka yi ɓanna."

Ban raina maganarsa ba, ya fi ni sanin cikin mota. Amma ruwa ba ya tsami banza. Motoci irin tawa da yawa suna yawo a ƙasar nan da yok ɗin da aka haife su da shi, me ya sa nawa ne kullum a hannun mai walda? Na jawo kwali na kwanta ƙarƙashinta, shi ma ya kwanta a gefena, muka mayar da furofelar muka riƙe ta a mazauninta muna kallo. Sai abin ya fito fili. A zamanin Yaya, kamar kowane mai ɗaukar albasa, ya ƙara wa bayan motar ganyen sifirin, ƙarafan nan da bodi ke zaune a kansu, ƙari a kan ƙari, don ta ɗauki buhuna masu hula ba ta durƙusa ba. Bayan ya tashi sama kamar wutsiyar zakara, aksul kuma tana nan ƙasa inda take. Sandar da ya kamata ta zo kusan a kwance sai ta koma tana gangarowa. Kowane juyi kuros a karkace yake, har kunnuwan suna gugar juna, ga wurin nan ya yi fari yana ƙyalli.

Na ce, "To ga ɓarawon. A sauke ƙarin ga, a sa ƙarhe na kirki, ni kuma in riƙe ƙahwata bisa totur. Aksul ba ta ganin abin da yah hi ƙarhinta."

Ya ce, "Sihirin Yayanka za ka taɓa? Allah shi jiƙan ka."

Muka shiga layin masu kayan gyara. Mai shagon farko ya fito mana da sabo fil, baƙin fenti yana sheƙi, ya ce wannan ko giwa ba ta karya shi. Ni dai ko galma zan saya sai na ƙwanƙwasa na ji muryarta. Na rataye shi da waya na buga masa sifana, ya ce ƙwas, ya yi shiru kamar fasasshen kasko. Ƙarfen zubi ne, ɗan'uwan wanda ya karye, domin shi ma nawa da ka dubi bakin karayar za ka gan shi toka-toka, tsaki-tsaki. Ni na ƙira nake so, wanda aka buga da zafinsa har ya game jikinsa. Wani mai shagon, da ya ji ana maganar ƙarfi, sai ya jajibo mana na babbar mota, abu kamar turmi, ya ce a rage shi a wajen masu injin yanka ƙarfe. A wajensa girma shi ne ƙarfi. Na sa tsinken tsintsiya na ƙirga haƙoran da ke cikin raminsa, inda yake zama a kan bakin aksul, ba su zo ɗaya da nawa ba. Haƙori in bai zauna daidai ba, ƙarfin banza ne. Muka gama layin kaf, la'asar ta yi sanyi, hannuna wayam.

A nan Yaya ya sake kira. Bai gaishe ni ba, ya ce ruwa ya kai gindin kalgon da ke ƙasan tudu, ya kashe wayar. Na san kalgon, na san tazararsa da rudu. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ga mai walda can tsallaken titi yana ta feshin wuta, da na miƙa masa kafin magariba ya gama. Na tsaya ina kallonsa, ƙarfen yana hannuna. Abin da ya riƙe ni shi ne na riga na ga motar a zuciyata, tsaye a tsakiyar mashigi, ruwa yana shiga bodi, uwayen Baba suna iyo. Jinkiri zai iya cin wasu, karaya a ruwa kuwa duka za ta cinye. Na sa yok ɗin a aljihun ƙofa na rufe.

Taubashina ne ya tuna da wata mota a Maiyama. Ya ce 'yar gidan su tawa ce, amma an yi ta don aiki mai nauyi, masu haƙa rijiyar burtsatse suka yi amfani da ita kafin wani dattijo ya saye ta. Injinta ya buga tun tuni, tana kan duwatsu a ƙofar gidansa. Matsalar ita ce dattijon ba ya sayar da ko noti. Makanikai sun yi ta zarya har sun gaji.

Ruwa ya kwana yana zuba. Da gari ya waye muka hau babur ɗinsa, da akwatin sifana a tsakaninmu, muka nufi Maiyama. Mun sami motar a ƙarƙashin dogonyaro, ciyawa ta fito ta cikin bodinta, kaza ta yi ƙwai a kan kujerar direba. Dattijon yana zaure a kan buzu. Muka durƙusa muka gaisa, muka tambayi iyali da ruwa da gona, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Tun kafin in rufe baki ya ɗaga hannu.

"Motag ga ba ta mutu ba, hutawa takai. In na hwara cire mata gaɓoɓi, da mi za ta tashi?"

Na ce, "Gaskiya na, Alhaji. Ni ma ba don kaina niz zo ba."

Na ba shi labarin rudu da ruwa da irin da ya yi fumfuna. Ya saurara yana jan carbi, ba alamar ya motsa. Sai da ya tambaye ni ɗan wane gida ne a Aliero, na faɗa masa, sannan carbin ya tsaya.

"Mai jan albasag ga da ba ta ruɓewa? Shina da rai?"

"Shina nan, Alhaji, sai dai ido."

Ashe lokacin da yake noma a Gumbin Kure wani ya taɓa kawo masa dashe daga irin Baba. Ya ce shekarar nan maƙwabtansa suna zubar da ruɓaɓɓiya da kwando, tasa tana nan garau har aka ci sabon gero. Daga baya irin ya ɓace masa, ya gauraye da na kasuwa, ya yi ta nema bai ƙara samu ba. Ya juya yana kallon motarsa ta ƙofar zaure, ni kuma ina kallon hadarin da ke haɗuwa a gabas.

"Ba ni sai da maka," ya ce. "Aro na. In iri ya tsira, ka kawo min gwangwani guda. In bai tsira ba, ka maido min ƙarhena."

Muka kori kazar muka shiga ƙarƙashi. Notocin sun yi tsatsa, sai da muka jiƙa su da baƙin mai muka yi ta lallashi. Da yok ɗin ya fito na goge shi da tsumma, na sa tsinke na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, na sake bi. Daidai da nawa. Kunnuwansa sun fi kauri, kuma maimakon 'yan siraran faranti da ke danne kuros a nawa, shi wasu lanƙwasassun ƙarafa ne ke rungume shi su fito ta baya a ɗaure da noti. Bai fi nawa girma da wani abin kirki ba, amma da na ɗaga na ji shi a wuyan hannuna. Na rataye shi na buga. Ya ɗauki ƙara siririya ya riƙe ta, har dattijon ya jiyo daga zaure ya ce, "Ka ji ko?" kamar shi ya ƙera shi. Kuros ɗinsa ya fi nawa girma, don haka muka haɗo da furofelar gaba ɗaya. Haka muka koma Jega, ina bayan babur da sandar ƙarfe a kafaɗa, mutane suna ba mu hanya.

Muna cikin sauke sifirin sai ga Yaya, ya biyo motar kasuwa ya zo ganin abin da ya riƙe ni. Ya tarar da bayan motar a kan jak, ganyayen da ya ƙara da hannunsa suna zube a ƙasa. Na ɗauka zai dake ni a gaban mutane, da girmana da iyalina.

"Wa yac ce a taɓa min mota?"

Na ce, "Yaya, su ka karya ƙarhen."

"In ta zauna ƙasa cikin laka hwa?"

"Aksul ka taɓa laka, kuma ita ko da sihirin ko babu wuri guda take."

Ya nemi benci ya zauna ya juya mana baya. Muka ci gaba da aiki. Taubashina ya yi wa babban notin bakin aksul alama kafin ya kwance, don ya mayar da shi daidai inda yake, kada ya matse ko ya yi sako-sako. Muka canza robar da ke tare mai, muka zaunar da sabon yok, muka ɗura wa kuros giris har ya fito ta gefe. Da muka zo haɗa sifirin sai muka jera wani ganye a inda ba nan ne wurinsa ba. Yaya, wanda muke zaton ba ya kallo, ya taso ya fizge sifana daga hannuna ya ce mu matsa, ba za a lalata masa mota yana zaune ba. Shi ya ƙarasa ɗaurin. Da aka sauke ta daga jak na leƙa, sandar ta kwanta kusan miƙe. Magariba ta riga ta yi, ba mai shiga mashigin nan da duhu, dole muka bari sai da safe.

Muna idar da sallar asuba muka tashi. Lakar da ta karya mu muka wuce ta, muka ƙetare mashigin ruwa yana lasar ƙasan ƙofa. Tun daga nesa na hango rudun. Ruwa ya shanye ƙafafunsa, ya taɓa shimfiɗar ƙasa. Warin ya riga mu isa. Muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a bodi, muka riƙa kwasowa daga sama da kwando muna jerawa a hankali kamar ƙwai. Na ƙasan da suka jiƙe muka zuba su daban a buhu, muka rufe komai da tamfol muka ɗaure. Ina aikin ina jin zafin kowace jiƙaƙƙiya da na taɓa, domin na san jirana ne ya jiƙa ta.

Kafin mu dawo mashigin ruwan ya ƙaru. Yaya ya naɗe wando ya karɓi sanda ya shiga gaba yana laluben inda ƙasa ke da tauri, ni kuma na sa ƙaramar giya na bi bayansa. Motar ta shiga tana nishi. A tsakiya bayanta ya nutse, tayoyin suka fara juyawa a banza, laka tana tashi. Ƙafata tana roƙona in taka totur har ƙasa. Na hana ta. Na riƙe injin a murya ɗaya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Tayoyin suka haƙa, suka haƙa, suka kai ga marmara, suka kama. Motar ta yi wannan fizgar, irin wadda ta ɓalle mana kunne muna wofi, yanzu kuma ga lodi a kai. Na ji ta a ƙashin bayana, na jira ƙarar. Ba ta zo ba. Motar ta ɗaga hanci, ta tura ruwa gefe, ta hau tudu tana tsiyaya. Na tsayar da ita. Yaya ya zo ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe, sannan ya buɗe ƙofa ya shigo da jiƙaƙƙen wandonsa ya ce in ja mu tafi.

A gida aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwa, muka riƙa kawo masa kwando-kwando. Yana ɗauka, ya matsa wuyan, ya kai hanci, ya ajiye dama ko hagu. Tarin hagu, na waɗanda suka tafi, ya yi girman da ban so ba. Yaya yana tsaye yana kallonsa, abin ya ci shi, ya kasa haɗiyewa.

"Da an ɗora tun ranar, da babu wadda taj jiƙe."

Ni kaina ban da tabbacin ƙarya ya faɗa. Baba ya ce a ba shi ƙarfen da ake ta magana a kai. Na ɗauko tsohon yok ɗin daga aljihun ƙofa na sa masa a hannu. Ya bi tabon waldar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai bakin karayar. Sannan ya ajiye shi ya dafa ƙafarsa ta hagu.

"Ƙahwag ga da kuka ba mutane labari," ya ce, "tun randa anka ɗora ta ban sake yarda da ita ba. In zan ɗauki buhu, ta dama nika ba nauyi. In zan ƙetare rahi, ta dama nika hwara sawa. Mai ɗori ya yi aikinai, Allah shi saka mishi, shi as sa ban taɓa hwaɗi ba. Amma ba ta koma awa da ba."

Shekara nawa muna kallon mutumin nan yana tafiya, ba wanda ya lura. Shi kuwa ya mayar da hannu cikin kwando ya ci gaba da aikinsa. Da ya gama ya shafa tarin dama, ya zagaye shi da tafin hannu ya auna, ya ce, "Wanga ya isa iri."

Ya kuwa isa. Da kaka muka mayar da su ƙasa, suka yi fure fari fat, muka girbe, wannan karon muka shanya a cikin ɗaki. Baba da kansa ya cika gwangwanin dattijon Maiyama, ya yi masa tozo, ya ce ba a kai wa mai aro abu a shafe. Da na kai masa sai da ya fara durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motata ya ga ƙarfensa yana aiki, ya ce ai ya gaya mini hutawa take yi.

Uwayen nan da muka ƙetaro da su su ne na ƙarshe da hannun Baba ya zaɓa. Kafin a cire albasar da ta biyo baya Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ni da Yaya ne ke zama a kan buhun, muna matsa wuya muna kaiwa hanci, muna gardama a kan kowace ɗaya. Har yau in zancen ya taso yakan ce da an ɗora da ya riƙe, ni kuma in ce masa to. Rudun dai mun dawo da shi bayan gida. Duk albasar da ke cikinsa jikokin lodin nan ne guda ɗaya.